FreeCell: Yadda Ake Buga Kartar Mutum Ɗaya Mai Ma'ajiya Huɗu

Duk wanda ya yi mu'amala da kwamfuta a zamanin Windows 95 ko XP ya san koren allon nan mai katuna a jere, da ɗan hoton sarki a sama yana waiwaye hagu da dama. Sunan wasan FreeCell. Mutane da dama sukan buɗe shi, su tura kati biyu ko uku, komai ya cushe, sai su rufe su koma Solitaire ɗin da suka saba. Alhali wasannin biyu ba halinsu ɗaya ba. A Solitaire na yau da kullum akwai katunan da ke kife, don haka sa'a na da babban rabo. A FreeCell kuwa duka katunan 52 a buɗe suke tun daga farko, kuma kusan kowane rabo yana ciwuwa. In ka sha kaye, galibi lissafinka ne ya kuskure.

Wani ɗalibin likitanci mai suna Paul Alfille ne ya ƙirƙiro shi a 1978 a Jami'ar Illinois da ke Amurka, a kan tsarin kwamfuta na PLATO. Ya samo shi ne daga wani tsohon wasa da ake kira Baker's Game, wanda a cikinsa dole kati ya hau kan ɗan gidansu, wato mai alama irin tasa. Alfille ya sauya dokar ta koma ja kan baƙi, baƙi kan ja, kuma wannan ɗan sauyin ne ya sa wasan ya zama mai ciwuwa kusan kullum. Daga baya Jim Horne ya rubuta wa Microsoft nasu, ya shiga Windows, duniya ta san shi. Ba caca ba ce: kai kaɗai ne, babu abokin hamayya, babu ko kwabo a ƙasa.

Shimfiɗa

Kana buƙatar cikakkiyar karta mai kati 52, ka cire joka. Katin Whot ba zai yi ba, domin gidajensa da lambobinsa daban ne. Gidajen karta huɗu ne, biyu ja, biyu baƙi. A nan zan kira su zuciya ♥ da daimon ♦, su ne jajaye, sai shebur ♠ da fure ♣, su ne baƙaƙe. Kowane gida yana da kati 13. A ne mafi ƙanƙanta, matsayinsa ɗaya, sai 2 har zuwa 10, sai J, sai Q, sai K a ƙoli.

Ka gauraya katunan sosai, ka raba su a buɗe zuwa layi takwas, daga hagu zuwa dama, kowane sabon kati yana ɗan rufe na bayansa yadda za a iya ganin lambar kowanne. In ka gama, layuka huɗu na farko za su sami kati bakwai-bakwai, huɗun ƙarshe shida-shida. A saman layukan ka bar wuri takwas babu komai. Huɗu na hagu su ne ma'ajiya, huɗu na dama su ne gida. A waya ko kwamfuta manhaja ce za ta yi maka wannan aikin.

Manufa ita ce ka kai kowane kati gidansu. Kowane gida yana farawa da A, sai 2 na irinsa, sai 3, har K. Zuciya ba ta shiga gidan daimon ko da yake launinsu ɗaya.

Dokokin motsi

Katin da ke bakin layi, wato wanda babu wani a kansa, shi kaɗai ake ɗauka. Haka ma duk katin da ke cikin ma'ajiya. In ka ɗauke shi, wuri huɗu zai iya zuwa.

Zai iya hawa kan katin da ke bakin wani layi, muddin wancan ya fi shi da lamba ɗaya tak kuma launinsu ya bambanta. 7♥ zai hau 8♠ ko 8♣, amma ba zai hau 8♦ ba. Zai iya shiga ma'ajiyar da babu kowa, kuma kowace ma'ajiya kati ɗaya kawai take ɗauka. Zai iya tafiya gida in lokacinsa ya zo. Sannan in wani layi ya ƙare ƙarƙaf, kowane kati zai iya zama a wurin. Wanda ya saba da Solitaire ya lura da wannan, domin a can K kaɗai ke shiga layin da ya zama fili, a nan kuwa ko 3 ne an yarda.

Dokokin ke nan gaba ɗaya. Babu tarin katin da za ka ja daga gefe, babu sake rabo.

Kati nawa za ka iya kwashewa a lokaci guda?

A nan ne sababbin 'yan wasa ke rikicewa. Ka ga jeri mai kyau, 9♠ 8♥ 7♣ 6♦, ga 10♥ a wani layi yana jira, ka ja, manhaja ta ƙi. Ba lalacewa ta yi ba. A ƙa'ida kati ɗaya ake motsawa, kuma in manhaja ta kwashe maka jeri, gajarce maka hanya kawai ta yi: ta zuba na sama a ma'ajiya, ta matsar da na ƙasa, ta dawo da su. Saboda haka tsawon jerin da za ka iya ɗauka ya dogara ne kan filin da kake da shi.

Ka ƙirga ma'ajiyar da ba kowa, ka ƙara ɗaya. In huɗun duka a sake suke, kati 5. In biyu ne, kati 3. In duk sun cika, kati 1. Sannan kowane layin da ya zama fili yana ninka wannan adadi. Ma'ajiya biyu da layi ɗaya a sake, 3 sau 2, kati 6. Ma'ajiya huɗu da layi biyu, 5 sau 4, kati 20. Dalilin ninkin shi ne layi yana karɓar jeri, ba kati ɗaya ba. Da ma'ajiya biyu za ka fara kai kati uku na sama cikin layin da ke fili, ma'ajiyar ta sake zama a sake, ka kai ukun ƙasa inda za su, sannan ka ɗauko ukun farko ka ɗora. Abu ɗaya za ka kiyaye: in layin da ke filin shi ne inda kake son kai jerin, to ba ya shiga lissafin ninki.

Wanda ya riƙe wannan lissafi ya gane dalilin da ya sa layi ɗaya a fili ya fi ma'ajiya ɗaya daraja nesa ba kusa ba.

Kafin ka taɓa kati

Minti ɗaya ko biyu na farko, hannunka ya huta, ido ya yi aiki. Ka nemo A huɗu da 2 huɗu, ka ga kati nawa ke kan kowanne. Ka duba layin da ya fi sauƙin ƙarewa, wanda katunansa ke da inda za su sauka. Ka lura da inda babban kati ya danne ƙarami ɗan gidansu, misali K♦ a kan J♦, domin dole wata rana ka nema wa babban wurin zama.

Ma'ajiya bashi ce. Duk katin da ka jefa ciki ka ci bashi, kuma kafin ka ci ya kamata ka san ranar biya, wato ka riga ka hango katin da zai sauka a kansa ko lokacin da zai wuce gida. 3 ko 4 ba su cika daɗewa a ciki ba. K kuwa in ya shiga ba ya fita sai an sami layi a fili ko lokacin tafiyarsa gida ya yi, don babu katin da zai hau. Q ma tana da nauyi. Cika ma'ajiya huɗu ba laifi ba ne in ka ƙirga ka ga motsi biyu ko uku masu zuwa za su sauke biyu daga ciki. Laifin shi ne cika su kana fatan wani abu zai ɓullo. Babu abin da zai ɓullo, komai na gabanka tun farko.

Haka kuma ba kowane motsin da doka ta yarda da shi ne ke da amfani ba. Ɗora 6 kan 7 yana da daɗin gani, amma in 7 ɗin yana zaune a kan A, ka ƙara wa kanka kaya ne. Jeri ya fi kyau a gina shi kan babban katin da ke can gindin layi, inda ba ya danne kowa.

Tura kati gida ma yana son lura. A da 2 su tafi nan take. Daga 3 zuwa sama, ka tambayi kanka ko akwai ƙaramin katin da zai buƙaci sauka a kansa. 5♥ ba shi da sauran aiki a fili in 4♠ da 4♣ sun riga sun shiga gida, amma in ɗayansu na nan a binne, wataƙila 5♥ ne masaukinsa. A manhajoji da yawa katin da ya shiga gida ba ya dawowa.

Mu buga rabo na 1 tare

Microsoft ta ba kowane rabo lamba, kuma shafuka da manhajoji da yawa suna bin wannan lissafin har yau. Ga rabo mai lamba 1. In da karta a hannunka, ka shimfiɗa shi haka a kan tabarma ko tebur. Katin ƙarshe a kowane layi shi ne na baki.

Layi 1: J♦ K♦ 2♠ 4♣ 3♠ 6♦ 6♠
Layi 2: 2♦ K♣ K♠ 5♣ 10♦ 8♠ 9♣
Layi 3: 9♥ 9♠ 9♦ 10♠ 4♠ 8♦ 2♥
Layi 4: J♣ 5♠ Q♦ Q♥ 10♥ Q♠ 6♥
Layi 5: 5♦ A♦ J♠ 4♥ 8♥ 6♣
Layi 6: 7♥ Q♣ A♠ A♣ 2♣ 3♦
Layi 7: 7♣ K♥ A♥ 4♦ J♥ 8♣
Layi 8: 5♥ 3♥ 3♣ 7♠ 7♦ 10♣

Ido zai fara sauka kan layi 6, inda A biyu ke kwance ƙarƙashin ƙananan kati biyu kacal. Matsalar rabon kuma tana layi 2: 2♦ na can gindi, K biyu sun danne shi. Ke nan daimon ba za su motsa ba sai can ƙarshe, kuma duk abin da za mu yi shiri ne na samar wa waɗannan K biyun wuri.

Mataki na 1. Sa 3♦ a ma'ajiya, sa 2♣ a ma'ajiya. A♣ ya tafi gida, 2♣ ya bi shi, A♠ ma ya tafi. Layi 6 ya rage 7♥ da Q♣.

Mataki na 2. Daga layi 7, sa 8♣ a ma'ajiya. J♥ ya hau Q♣, sai 10♣ na layi 8 ya hau J♥. Sa 4♦ a ma'ajiya. A♥ ya fito ya tafi gida, 2♥ na layi 3 ya bi shi. Yanzu ma'ajiya uku sun cika da 3♦, 8♣ da 4♦. Wanda bai hango gaba ba zai tsorata a nan, amma tafiyar 2♥ ta buɗe ƙofa.

Mataki na 3. 8♦ na layi 3 ya hau 9♣ a layi 2. Hakan ya tono 4♠, sai 3♦ ya fito daga ma'ajiya ya hau shi. A layi 8, sa 7♦ a ma'ajiya, 7♠ ya hau 8♦, sai 3♣ da 3♥ su tafi gida. In manhaja ba ta ɗauke su da kanta ba, ka kai su da hannu. Layi 8 ya rage 5♥ shi kaɗai.

Mataki na 4. 6♥ na layi 4 ya hau 7♠, Q♠ ta hau K♥ a layi 7. Yanzu 5♥ yana da masauki biyu, 6♠ a layi 1 da 6♣ a layi 5. Ka zaɓi 6♣. Dalili kuwa, akwai 5♦ a gindin layi 5 da zai buƙaci 6♠ nan gaba kaɗan. Layi 8 ya zama fili. Sauko da 8♣ cikinsa, 7♦ ya hau, ka kawo 6♣ da 5♥ kan 7♦, sannan 4♠ da 3♦ kan 5♥. Dubi ma'ajiya: 4♦ kaɗai ya rage. Layi ɗaya da ya buɗe ya sauke kati biyu daga ma'ajiya, ya kuma kwashe kaya daga layuka biyu.

Mataki na 5. A layi 5, sa 8♥ a ma'ajiya, 4♥ ya tafi gida, sa J♠ a ma'ajiya, A♦ ya tafi gida, 5♦ ya hau 6♠ ɗin da muka tanadar masa. Layi 5 ya zama fili. Sauko da J♠ cikinsa, 10♥ na layi 4 ya hau.

Mataki na 6. Kwashe J♥ da 10♣ daga layi 6 zuwa kan Q♠. A layi 3, sa 10♠ a ma'ajiya, 9♦ ya hau 10♣, 9♠ ya hau 10♥, 8♥ ya fito daga ma'ajiya ya hau 9♠. An bar 9♥ shi kaɗai a layi 3, ga kuma 10♠ a ma'ajiya. Ga wata 'yar dabara da za ka riƙa amfani da ita kullum: ɗaga 9♥ zuwa ma'ajiya, sauko da 10♠ cikin layin, mayar da 9♥ kansa. Ma'ajiya ta koma 4♦ kaɗai.

Mataki na 7. Kai 7♠ da 6♥ daga layi 2 zuwa kan 8♥. A layi 4, sa Q♥ da Q♦ a ma'ajiya. 5♠ ya hau 6♥, sai 4♦, wanda ke zaune a ma'ajiya tun mataki na 2, ya sami masauki kan 5♠. J♣ ya rage shi kaɗai, sai ka maimaita dabarar ɗazu: J♣ ya hau ma'ajiya, Q♥ ta sauko layi 4, J♣ ya dawo kanta. Q♦ ce kawai a ma'ajiya.

Mataki na 8. Sa Q♣ ta layi 6 a ma'ajiya, ka kawo 6♠ da 5♦ kan 7♥. A layi 1, sa 6♦ a ma'ajiya, 3♠ ya hau 4♦, 4♣ ya tafi gida, 2♠ ya tafi, 3♠ ya bi shi. K♦ ya bayyana, Q♣ ta sauko kansa. A ma'ajiya akwai Q♦ da 6♦.

Mataki na 9. Lokacin layi 2 ya yi. Sa 8♦ da 9♣ a ma'ajiya. Huɗun duka sun cika, karo na farko ke nan a wasan, amma mun ƙirga kafin mu shiga. 8♠ ya hau 9♥, 10♦ ya hau J♣, 9♣ ya sauko kan 10♦, 8♦ ya hau 9♣, 5♣ ya tafi gida. Ma'ajiya biyu sun sake buɗewa, wato kati uku za su ɗauku, kuma uku muke buƙata daidai: 7♥ 6♠ 5♦ su koma kan 8♠. Layi 6 ya zama fili. K♠ ya shiga, Q♦ ta hau shi, K♣ ya tafi ma'ajiya, 2♦ ya fito.

Daga nan katuna za su yi ta kwarara gida. Inda za ka ɗan sa hannu biyu ne: a layi 7 ka kawar da 10♣ da K♥ gefe don 7♣ ya fito, a layi 1 kuma ka matsar da K♦ daga kan J♦. Fili ya yi yawa a lokacin, ba za ka rasa inda za ka ajiye su ba.

Ba wannan ce kaɗai hanyar cin rabo na 1 ba. In ka sake shimfiɗa shi, gwada farawa ta layi 3 ka ga inda za ta kai ka.

In wasa ya cushe

Alamar cushewa ita ce ma'ajiya huɗu cike, babu layi a fili, kuma babu katin baki da zai hau wani ko ya tafi gida. Galibi kuskuren ba a motsin ƙarshe yake ba. Yana can baya, wurin da ka sa kati na uku a ma'ajiya ba tare da sanin mafitarsa ba, ko wurin da ka sami layi a fili ka cusa masa katin da babu mai hawa kansa. Manhajojin yanzu suna barin mutum ya janye motsi, kuma ga mai koyo ban ga aibin hakan ba, da sharaɗin ya koma har inda hanya ta rabu, ba ya riƙa janye ɗaya yana gwada wani da ka ba. Sake buga rabon da ya kayar da kai ya fi koyarwa a kan tsallakawa zuwa sabo, domin a karo na biyu ka riga ka san inda ramin yake.

Game da layin da ya zama fili, ra'ayina shi ne kada ka yi gaggawar cika shi. Ka fara amfani da shi wajen kwashe dogon jeri, tunda yana ninka ƙarfinka. In za ka zaunar da kati a ciki, ya kasance babba ne mai mabiya a kusa, kamar yadda 8♣ ya janyo kati biyar a mataki na 4.

Akwai rabon da ba ya ciwuwa, amma ƙalilan ne ƙwarai. FreeCell na Windows na farko yana da rabo 32,000. A 1994 wani mai suna Dave Ring ya tara 'yan sa-kai ta intanet suka rarraba lambobin a tsakaninsu, kuma zuwa 1995 sun ci duka in ban da guda ɗaya, mai lamba 11982, wanda binciken kwamfuta ya tabbatar ba shi da mafita da ma'ajiya huɗu. Da Windows XP ta faɗaɗa adadin zuwa 1,000,000, takwas kacal aka samu irinsa. In hannunka ya faɗa kana son gwada ƙarfinka, nemi lamba 617 ko 1941. Dukansu suna ciwuwa, amma sun yi suna wajen wahalar da mutane. Wasu gwanayen kuma sukan ɗaure kansu da ma'ajiya uku ko biyu a rabo mai sauƙi, su bar sauran kamar babu su.